Kan Jama'a: Nazarin Siffar da Ba Ta Cika Ba

A shekarar 1943 aka nuna wa Bernard Fagg a Jos wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, wanda aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, a yankin Kafanchan. Kafin wannan lokaci, wani ma'aikacin wurin ya kafa shi a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu ɓarna. Fagg ya lura yana kama da wani ƙaramin kai da aka samu a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan aka soma kiran irin waɗannan ayyuka da sunan Nok.

Mun zaɓi wannan kai domin darasin sharhi a manhaja saboda ya zo mana ba gangar jiki. Abin da ido ke iya tabbatarwa a fasahar Nok sananne ne: idanu masu siffar kusurwa uku ko rabin da'ira, da huda a ƙwayar ido da hanci da kunne, da gyaran gashi na ƙawa. Hudar tana da amfani biyu, wato ba fuska rai da kuma barin tururi da iska su fita lokacin gashi, don kada yumɓun ya fashe.

Bayan wannan, sauran hasashe ne. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig ya nuna al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, kuma galibin siffofin a farfashe aka binne su, ga alama da gangan. Ke nan rashin cikar na iya zama ɓangare na ma'anarsu.

A nan ne mai sharhi ke yawan zamewa. Da ya ga giɓi, sai ya cike shi da son zuciyarsa. Wasu na danganta siffofin da kakannin al'ummar Ham da ke zaune a Nok a yau, wasu kuwa da fasahar Ife. Sai dai sunan Nok na wurin da aka yi tsintuwar ne, kuma masu ginin ba su bar rubutun da zai faɗi harshensu ko sunan da suke kiran kansu ba. A Kudancin Kaduna, inda batun ɗan ƙasa da baƙo ya sha jawo asarar rayuka, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saboda haka muna ba da shawarar malami ya sa ɗalibi ya rubuta sakin layi biyu: na farko abin da ya gani, na biyu abin da yake zato, tare da hujjarsa. Ɗalibin da ya iya raba "na gani" da "ina jin" a gaban wannan kai, zai iya raba su idan aka ba shi labarin asalin maƙwabcinsa.