Lada da Tarnaƙi: Tarken Gwajin Fasaha a Dandalin Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da dandalin YouTube ya bayyana a 2005, ya kuma fara raba kuɗin talla da masu ɗora hotuna a kansa a 2007, wani sabon rukuni na masu fasaha ya kunno kai, waɗanda ba su da ubangida, ba su kuma jiran iznin kamfanin ɗab'i ko gidan talabijin. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa game da su shi ne cewa intanet tana saka wa duk wanda ya zo da sabon abu. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan ra'ayi ta hanyar duba misalai biyu, wato barkwancin Khaby Lame a TikTok, da wasan Hausa mai dogon zango, Izzar So, a YouTube. Abin da za a nuna shi ne, lalle intanet tana biyan ladan gwaji, amma da zarar ta biya sai ladan ya zama tarnaƙi, ya hana mai fasahar sake wani gwajin.

2.0 Arahar Gwaji

A da can, tsakanin mai fasaha da jama'a akwai mai tsaron ƙofa. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai da suka bi ta hannun R. M. East kafin su isa ga mai karatu. Haka nan bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, da harkar fim ta bunƙasa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka zama masu faɗa a ji, domin wanda ya zuba jari mai yawa ba ya son a yi caca da dukiyarsa. Saboda haka aka daɗe ana juya jigon soyayya da rawa da waƙa.

Intanet ta rage wannan haɗari ƙwarai. Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto da tace shi, idan kuma aikin bai karɓu ba, asarar ba ta wuce ta yini ɗaya da kuɗin data ba. A madadin mai tsaron ƙofa, sai aka sami wani tsarin lissafi na kwamfuta da ke zaɓar wa kowane mai kallo abin da zai gani, wanda za a riƙa kiran sa "ma'auni" a wannan maƙala. Aikinsa shi ne ya nuna sabon hoto ga mutane kaɗan. In sun kalla har ƙarshe ko sun aika wa wasu, sai ya ƙara yawan waɗanda zai nuna wa. Ta haka wanda ba kowa ba yake iya wayar gari sananne.

3.0 Khaby Lame: Barkwanci ba Magana

An haifi Khaby Lame a Senegal a shekarar 2000, ya tashi a garin Chivasso kusa da Turin a Italiya. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, ya rasa aikinsa na masana'anta, ya shiga ɗora hotuna a TikTok. Abin da ya fito da shi shi ne wani salo mai sauƙin gaske. Yakan ɗauko hoton wani da ke nuna wata "dabara" mai wuya ta yin abu mai sauƙi, alal misali fere ayaba da babbar wuƙa, sai shi kuma ya ɓare ta da hannu, ya miƙa tafukansa biyu ga abin, ya kalli mai kallo da fuskar mamaki, ba tare da ya ce uffan ba.

Gwajin da ke cikin wannan salo shi ne jefar da harshe a dandalin da ya cika da surutu. Rashin maganar ya sa Bahaushe da Bajamushe suna dariya a gaɓa ɗaya ba tare da tafinta ba. Manazarcin adabin baka zai ga kamanni tsakaninsa da ɗan kama, wanda kan ɗauki zubin karatun malamai ya mayar da shi zancen tuwo da miya. Dukansu biyu suna rayuwa ne a kan saɓule girman aikin wani. Ladan kuwa ya zo da sauri, domin a watan Yuni na 2022 ya zarce Charli D'Amelio, ya zama wanda ya fi kowa yawan mabiya a TikTok, da mutum sama da miliyan 140.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Miƙa hannun da ya kasance hukunci a kan shirme ya rikiɗe ya zama tambari, har kamfanoni irin su Hugo Boss suka ɗauke shi talla. Mai kallo ya riga ya san ƙarshen wasan kafin a fara, alhali kuwa ran barkwanci shi ne bazata. Shirun da ya ba shi 'yanci shi ne ya zama sharaɗin da mabiyansa suka gindaya masa.

4.0 Izzar So: Tsawo da Ladansa

A ƙasar Hausa, gwajin da ya fi tasiri ya shafi hanyar isar da wasa ne. Bayan da kasuwar faifai ta durƙushe, Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tashar Bakori TV ta YouTube a 2020, kashi-kashi, kyauta, ana dogaro da kuɗin talla. Jigon wasan shi ne karo tsakanin Umar Hashim, matashi mai riƙon gaskiya, da Hajiya Nafisa, 'yar masu hali mai izza. Karɓuwar da ya samu ta jawo masu shirya fim da dama suka bi sahu, ta kuma nuna cewa ana iya riƙe mai kallo da zance da hali, ba lalle sai da rawa ba.

Domin fahimtar abin da ya biyo baya, wajibi ne a duba ƙa'idojin dandalin. Tun 2012 YouTube ya mayar da yawan lokacin da aka ɓata ana kallo ya zama babban abin da ma'auninsa ke dubawa. A 2018 ya shar'anta mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin tasha ta fara cin kuɗin talla, a 2020 kuma ya ba da damar cusa talla a tsakiyar duk hoton da ya kai minti 8. Ma'anar wannan ita ce, tsawo kuɗi ne. Ga marubucin wasa kuwa, wannan jarraba ce babba, domin kammala labari daidai yake da rufe shago ana tsakiyar ciniki.

Illar haka ta bayyana a zubi da tsarin irin waɗannan wasanni. Akan ja fitowa ɗaya fiye da abin da ke cikinta, a maimaita wa wani ɗan wasa labarin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa, a kuma ƙirƙiro sababbin abokan gaba duk sa'ad da rikici ya kusa warwarewa. Izzar So, wanda ya haura kashi 100, bai tsira daga wannan ba: nagartar Umar Hashim ba ta canzawa, sai dai masu jarraba ta ne ke canzawa, har tauraron ya fi kama da mai wa'azi fiye da mutum mai rauni. Wasan Labarina na Aminu Saira, wanda shi ma ya fara a 2020, ya nemi wata mafita, inda daga baya ya ajiye labarin Sumayya ya ɗauko na Mainasara a ƙarƙashin suna ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau, amma ita ma shaida ce cewa sunan da ma'auni ya sani ya fi ƙarfin a yar da shi.

5.0 Sabon Ubangida

Idan aka haɗa misalan biyu, za a ga cewa mai fasahar intanet bai rabu da ubangida ba, sauya shi ya yi. Makaɗin fada irin Narambaɗa ya san abin da Sarkin Gobir na Isa yake so, amma sarki mutum ne, yana iya jin sabon salo ya yi shiru, ya gane daɗinsa bayan kwana biyu. Ma'auni ba shi da wannan haƙuri. Abin da yake iya ƙirgawa kawai yake gani, wato daƙiƙoƙin kallo da yawan aikawa. Saboda haka gwajin da yake sakawa shi ne wanda ke kama ido nan take, wanda kuma ake iya maimaitawa gobe. Aikin da ke bukatar a saba da shi a hankali yakan nutse tun kafin a san da shi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda arahar gwaji ta buɗe ƙofa ga waɗanda da ba za su taɓa shiga ba, an kuma ga yadda nasara ke mayar da sabon salo ya zama ƙa'ida. Abin da ya rage shi ne aikin manazarta da malamai. Yawan masu kallo bayani ne a kan kasuwa, bai isa ya zama hukunci a kan fasaha ba, kuma ɗalibin da ya kafa hujja da shi kaɗai bai yi tarke ba. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane aiki ita ce: wane ɓangare nasa ne jigo ya bukata, wane ne kuma ma'auni ya tilasta? Har ila yau, ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su fara taskace waɗannan ayyuka, domin dandalin Vine, mai hotunan daƙiƙa 6, wanda ya yi tashe daga 2013, an rufe shi a 2017. Abin da ba a adana ba, ba za a iya feɗe shi ba.