Kokowa a Bakin Mai Wa'azi

Akwai dattawan ikilisiya da ke haɗe rai duk sa'ad da fasto ya kawo zancen kokowa cikin wa'azi. Hujjarsu ita ce fagen kokowa matattarar laya da guru ce, ba ta da hurumi a majami'a. Masu wa'azin arziki kuma, irin na tashoshin talabijin, sun raina salon don bai yi wa kowa alkawarin mota ba. Na farkon sun manta cewa wasannin da ake yi kusa da Korinti duk shekara biyu don girmama gunkin teku ake yin su, amma hakan bai hana Manzo Bulus ɗauko mai tsere da ɗan dambe a sura ta 9 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa ba. Na biyun ba sa bukatar doguwar amsa.

'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Da wa'azi ya dawo hannun 'yan ƙasa, masu sauraronsu manoma ne, kuma mai tsere don kambin ganye baƙo ne a wurinsu. Ɗan kokowa kuwa ɗan gida ne, balle daga 1975 da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasar Nijar a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, rediyo ta shigar da fagen kowane gida. A ƙasar Kurfai, wajen Filinge, Kirista tsiraru ne, amma ba yaron da bai san kiɗan kokowa na bayan girbi ba.

Abin da ya fi burge ni a salon shi ne yadda gwanin mai wa'azi ke jan lokacin riƙo. Duk wanda ya taɓa zama a fage ya san wannan lokaci: ƙarti biyu sun haɗa kai, kowa ya cafke damtsen ɗan'uwansa, ƙafafu sun nutse cikin rairayi. 'Yan kallo sun fara ƙorafi, alƙalin wasa na shirin gargaɗi, a ido kamar ba abin da ake yi, alhali cinyoyi rawa suke, numfashi na fita da ƙyar. Fasto sai ya bar teburinsa, ya ranƙwafa, ya buɗe ƙafafu, ya yi shiru har jama'a su ƙosa. Sannan ya ɗago ya ce, "'Yan'uwa, wannan da kuke gani tsaye cik, hutawa yake?" Sai a amsa masa da a'a. Daga nan yake kawo uwar da hatsinta ya ƙare tun bazara, da malamin da rashin tsaro ya rufe wa makaranta a jihar Tilaberi, da mai jinyar da ta shekara a bakin gado. Yakan koma baya kuma ya nuna inda ƙarfin cinyar ya fito: gudun asuba cikin yashi, ɗaukar buhu, noman damina. Addu'ar kullum da karatu da azumi yake ajiyewa a wannan gurbi, don ba a fara atisaye ranar gasa.

Gwanintar tana cikin abin da ya ƙi faɗa: ba ya bayyana wanda ya yi kaye. Mai ƙaramin sani shi ke garaje, ya maƙala wa abokin karawa sunan Shaiɗan, ya buga shi da ƙasa cikin minti biyu, a yi ta ihun Halleluya, a koma gida a tarar da rumbu yadda aka bar shi.

Shi ya sa nake ganin nassin da ya dace da Kiristan Nijar yana Farawa sura ta 32, ya ma fi tseren Bulus dacewa. Yakubu ya kwana yana kokowa a mashigin Yabbok, kwatangwalonsa ya goce, ya ƙi saki har gari ya waye, ya sami albarka ya tafi yana ɗingishi. A dokar fage ba a ba shi takobi. Waɗanda aka ƙona wa majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, suka yi sujada a cikin kango, sun san wannan kokowa. Haka Fada Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a Bomoanga a Satumban 2018, ya ƙulla carbi da tsumma a cikin hamada, sai Oktoban 2020 aka sake shi a Mali.

Inda masu suka za su kama salon da gaskiya ba su ma duba ba. Kokowa wasan maza ne, benci kuwa galibi mata ne a kai. 'Yan zumuntar mata suna da nasu atisayen, daka da surfe da jan guga daga rijiya mai zurfi, inda sakin igiya a tsakiya asarar guga ne da ruwa gaba ɗaya. Har yau fastoci kaɗan ne suke kawo wannan cikin wa'azi, watakila don kaɗan ne a cikinsu suke jan ruwan gidajensu.