Yadda Doki 250 Suka Zama Runduna Guda

Ba a yi wa mutumin Gumel ƙarya a kan doki. Wanda ya tashi yana kallon jafi a ƙofar fada ranar hawan sallah, ko yake ratsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana ganin dillalai suna duba haƙori da kofato, da ganin sukuwa ya san ta gaske ce ko ta bogi. Irin wannan idon ne zai fi gane aikin da aka yi a harin barade na fim ɗin The Return of the King, kashi na uku kuma na ƙarshe na The Lord of the Rings, wanda Peter Jackson ya fitar a Disambar 2003.

A cikin labarin, Sarki Théoden ya iso da mahaya 6,000 don ceton birnin Minas Tirith da abokan gaba suka yi wa ƙawanya. A filin ɗaukar kuwa, kusa da garin Twizel a ƙasar Niyu Zilan, dawakin kimanin 250 ne, kuma da yawa daga cikin mahayan mata ne aka liƙa wa gemu, don su ne gwanayen linzami da aka samu.

Sauran rundunar a kwamfuta aka haife su. Stephen Regelous ya ƙera manhajar Massive, wadda ke bai wa kowane mayaƙi idonsa da dabararsa: ya hangi na gabansa, ya kauce, ya kai sara. Shi ya sa ba ka ganin dawaki dubu suna ɗaga ƙafa lokaci guda. Amma kafin nan sai da masu aikin suka maƙala wa dawakin gaske na'urori, suka naɗi yadda doki ke miƙa wuya idan ya ji ƙaimi da yadda yake turjewa. Duk dokin da ka ga ya kife da mahayinsa a tsakiyar daga, na kwamfuta ne. Na kusa da kyamara kuwa, masu huci da kumfa a baki, na gaske ne, kuma su ke sa ido ya yarda da na bayansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin da aka yi kafin a saki linzami. Ƙaho ya fara, daga nesa. Sai sahun barade ya bayyana a kan tudu da hudowar rana. Aka tsaya a kan fuskar Éowyn, ɗiyar 'yar'uwar sarki da ta ɓad da kama cikin kwalkwali, tsoro ƙarara a idonta. Sannan Bernard Hill, wanda ya fito a matsayin sarkin, ya bi sahu a guje yana kaɗa takobinsa a kan māsu ɗaya bayan ɗaya; shi da kansa ya kawo wannan shawarar. Da suka taso ma ba su fara da gudu ba. Taku, sassarfa, sannan sukuwa, kiɗan Howard Shore yana hawa tare da su, ƙarar kofato tana cika kunne har sai da ƙirjin dawaki ya daki garkuwa.

A 2004 fim ɗin ya shiga takarar Oscar a fanni 11, ciki har da tace hoto da haɗa sauti da siddabarun kwamfuta, ya kuma lashe su duka.