Alƙalaminmu Ya San Landan, Bai San Dosso Ba

Daga nan Kalgo, in mota ta bi ta Bunza ta faɗa Kamba, a yini guda mutum zai isa Dosso. To, 'yan'uwa marubuta, littafin Hausa nawa muka taɓa karantawa daga Nijar?

Ingila da Faransa sun daɗe da sauka daga sahun Amurka da Sin, amma igiyar da suka ɗaura wa adabinmu ba ta tsinke ba. Gasar Zariya ta 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja, Bature Rupert East ne ya shirya ta. Gasar Hikayata da matanmu ke rububi tun 2016, ta BBC ce. Hatta baƙi ɗaya ya raba mu: mu muna rubuta 'y, su suna rubuta ƴ.

Mu duba Masar, wadda ba ta taɓa mulkarmu ba. A Alƙahira aka buga tafsirin Abdullahin Gwandu, Liya'ut Ta'awili, a 1961, domin malamanmu da nasu karatu ɗaya suka gada. Wannan zumunci ne, wancan kuwa sabo da ubangida.

A 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, ta mai da Hausa harshen ƙasa. Amma doka ba ta kai littafi kasuwa. In ƙungiyarmu ba ta fara musayar littattafai da marubutan Dosso da Maraɗi ba, mu daina ɗora wa Bature laifi.