Jinjina Ga Maƙeran Ƙananan Jirage

A Ingila, tun da kamfanin Airfix ya fito da ɗan jirgin Spitfire na roba a shekarun 1950, akwai mutanen da suka mayar da lungun ɗaki maƙera. Jirgin yaƙi mai tsawon mita tara suke ƙanƙantawa sau 72, ya zauna a tafin hannu.

Tun daga teburinsu za ka gane gwanaye ne. Komai da muhallinsa: 'yar wuƙa da hantsaki a dama, gam da takardar goge roba a hagu, kwalaben fenti jere launi-launi, fitila a sama. Bindigar feshi kuwa tana kusa da taga, cikin akwati mai fanka da ke janye tururin fenti waje, mai aikin kuma sanye da takunkumi. Sai ya tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ya fesa a hankali, sannan nan take ya wanke allurar bindigar, don kwana da fenti toshe ta yake yi.

Duk watan Nuwamba sukan hallara a garin Telford su baje kolinsu. Haƙuri da tsafta irin nasu sun cancanci yabo. Allah Ya ƙara basira.