Aku Mai Bakin Zuma: Mu Duba Littafin Magana Jari Ce

A ajinmu na dare a nan Madarunfa mun gama karanta littafi na ɗaya na Magana Jari Ce. Wata biyu muka yi a kansa. Na ga ya kamata in faɗa muku abin da na gani a ciki, mai kyau da wanda ke son a yi hattara.

Wanda ya rubuta shi Alhaji Abubakar Imam ne. An haife shi a Kagara cikin 1911, ya rasu cikin 1981. Ya yi karatu a Katsina, ya koyar a can, nan kusa da mu bayan Jibiya. Littafinsa na farko, Ruwan Bagaja, ya fito cikin 1934. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, kashi uku. Cikin 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya.

Ga yadda labarin yake. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri mugu ne, yana so yaron ya fita gari don a halaka shi. Kullum dare Musa zai shirya tafiya, sai aku ya tare shi da labari. Kafin labari ya ƙare gari ya waye. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo.

Tsuntsu ba ya hira, kowa ya sani. In marubuci ya ba dabba baki da hankalin mutum, malaman adabi suna kiran wannan mutuntarwa. Mun saba da ita tun muna yara, a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Imam ya iya ta ƙwarai, har mutum ya manta da tsuntsu yake saurare. Ya kuma iya kamantawa, wato a ce wani abu kamar wani abu yake. Ya iya kambamawa, wato a zuzuta abu ya wuce yadda yake, irin ta maroƙa a gidan biki. Waɗannan ado ne na magana. Ba ƙarya ba ne, don mai faɗi da mai ji duk sun san ado ne. Wannan dabara ta aku mai tsare mutum da hira ma tsohuwa ce, akwai ta a wani littafin Farisa mai suna Tuti-nama. Amma Imam ya sa mata riga da hula na Hausa, har ba ka gane baƙuwa ce.

To, ga inda nake so mu tsaya. Wani dattijo a ajinmu ya ce mini, "Malam, ashe akun nan bai taɓa kayar da Musa da hujja ba. Ɓata masa lokaci kawai ya yi." Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Aku ya ceci yaron, kuma nufinsa alheri ne. Amma makamin da ya yi aiki da shi, shi ne makamin ɗan damfara. Da Waziri ne ya fi iya labari fa? Musa zai bi shi ne. Laifin da na ga littafin ke nan: yana sa mu sha'awar mai wayon baki, bai cika nuna mana yadda za mu gwada maganarsa ba. Haka ma a Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta cutar juna, mu kuwa muna ta dariya.

Labari misali ne kawai. In na ba ka labarin wanda ya yi gaggawa ya halaka, wani zai ba ka na wanda ya yi jinkiri ya yi asara. Karin magana ma haka take. Mai so ka dakata zai ce sannu ba ta hana zuwa. Mai so ka yi maza zai ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Duka biyu na kakanninmu ne. Wacce ta dace da yau? Sai an duba al'amarin kansa.

Ni kaina an taɓa kama ni. Wata ranar kasuwa na tsaya gun mai tallar magani da lasifika. Ya ce wata tsohuwa ta sha, bayan kwana uku ta miƙe. Ban tambayi kaina ba ko maganin ne ya tashe ta, ko ciwon ne ya gama kwanansa. Zakara yana cara, rana ta fito, amma ba shi ya fito da ita ba. Sai ya ce duk mutanen Maradi sun saya. Yawan masu saye bai nuna ingancin kaya ba. Da wani saurayi ya tambaye shi abin da ke cikin kwalbar, sai ya ce, "Ku dubi wannan, ko gemu bai yi ba!" Aka yi dariya, tambayar ta ɓace. Ya soki mai tambaya, ya bar tambaya. Na ba da jika ɗaya, na kai gida ruwa mai launi. Dabara uku ya yi mini a tsaye guda, ni da na yi makarantar horon malamai.

Duk da haka ina cewa ku nemi littafin. Hausarsa mai daɗi ce, ko da yake wasu jimlolin suna da tsawo ga sabon mai karatu, kuma akwai kalmomin Larabci da za ku tambaya. Rubutun Nijeriya ne: inda mu ke rubuta ƴ, su suna sa 'y. Kada wannan ya ruɗe ku.

Ku karanta shi a taru, mutum ɗaya na karantawa da ƙarfi. In labari ya ƙare, kafin a shiga na gaba, ku tambayi juna: me aku yake so Musa ya yi a daren nan, kuma labarin ya tabbatar da shi? A ajinmu wannan tambaya ta kai mu har man fitila ya ƙare, aka tashi dattijon nan da wata mai sayar da fura ba su daidaita ba.