Tafi da Takaba: Nazari a Kan Finafinan Yaƙi

Na fara son finafinan yaƙi a gidan kallon unguwarmu, wata rumfar kwano mai bencina da janareta mai yawan tari. A can ba mu san sunan mai ba da umarni ba, ba mu kuma damu da saninsa ba. Mutum biyu kawai muka sani, jarumi da bos. Sauran duk yaran bos ne, aikinsu su fito a harbe su. Idan Rambo ya saɓa babbar bindiga ya zubar da mutum goma a numfashi guda, sai rumfar ta kaure da tafi da sowa, ni ma ina ciki. Sai da shekaru suka shuɗe wata tambaya ta tsaya mini a rai: mutanen nan goma, su wane ne, kuma wa zai yi musu takaba? A ganina, amsar da fim ya bayar ga wannan tambaya ita ce ma'aunin da ya fi cancanta a auna fim ɗin yaƙi da shi.

Matsalar ta samo asali ne daga kyamara kanta, domin duk abin da ta haska sai ta ƙawata shi. An ruwaito cewa François Truffaut, mashahurin mai shirya fim na Faransa, yana ganin da wuya a yi fim ɗin da ke adawa da yaƙi na haƙiƙa, tunda nuna faɗa a majigi kan sa jinin mai kallo ya motsa. Hukumomi sun san da haka. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da masu shirya fim, inda take ba su aron jirage da sansanoni bayan ta duba rubutun labarin; da irin wannan taimako aka yi Top Gun a 1986. Saboda haka mai shirya fim ɗin yaƙi na gaskiya yana kokawa da kayan aikinsa ne tun kafin ya fara kokawa da labarinsa. Waɗanda suka yi nasara a wannan kokawa su ne dalilin da ya sa har yau nake ƙaunar wannan nau'i na fim.

Na farko a cikinsu shi ne All Quiet on the Western Front na Lewis Milestone, wanda ya fito a 1930. Labarin wasu 'yan makaranta ne Jamusawa da malaminsu ya zuga suka shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fitowar da ta fi taɓa ni ita ce inda Paul ya soki wani sojan Faransa da wuƙa a cikin ramin da bam ya haƙa, sa'an nan ruwan wuta ya hana shi fita, ya kwana tare da mutumin yana kakarin mutuwa. Da ya laluba aljihunsa sai ya sami takardunsa da hoton matarsa da 'yarsa. A nan take abokin gaba ya koma mutum mai suna da iyali. 'Yan Nazi sun fahimci haɗarin irin wannan fim ga manufarsu: a watan Disambar 1930 suka tarwatsa nuna shi a Berlin, har da sakin ɓeraye a cikin silima, kuma ba da jimawa ba aka haramta shi a Jamus. Mai shirin tura samari fagen daga ba ya son su san cewa wanda za su harba yana da hoto a aljihu.

Stanley Kubrick kuwa, a Paths of Glory na 1957, sai ya juya kyamarar zuwa cikin gida. Janar-janar na Faransa suna zaune a katafaren gida mai ƙyalli, suka ba da umarnin kai harin da ba zai yiwu ba. Da harin ya ci tura, sai aka zaɓi sojoji uku aka gurfanar da su a kotun soja bisa zargin ragwanci, aka harbe su don su zama izina. Kubrick ya bar tsarin hoton ya yi magana: kyamara tana yawo a sake cikin faffaɗan zauren manya, amma a ramukan yaƙi tana kutsawa ta lungu mai ƙunci da taɓo. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne. Fim ɗin ya nuna cewa zambar kan fara ne daga shugaba zuwa ga nasa kurtun. Ba a nuna shi a Faransa ba sai 1975.

Fim ɗin da mafi yawan tsararrakina suka fi yabo shi ne Saving Private Ryan na Steven Spielberg, na 1998, kuma yabon yana da hujja. Mintuna ashirin da 'yan kai da ya kwashe yana nuna saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha ranar 6 ga Yuni, 1944, sun canza yadda ake ɗaukar faɗa a fim. Kyamara tana rawa a hannu kamar ita ma tsoro take ji, launi ya koɗe, sauti ya dushe lokacin da ƙarar bam ta toshe kunnen Kyaftin Miller, ga wani soja can yana sunkuyawa ya ɗauki hannunsa da ya guntule. Babu wanda zai tafa a nan. Sai dai idan aka ɗora fim ɗin a kan ma'aunin da na ambata, za a ga ya cika rabi ya bar rabi. Mutum takwas da aka aika neman Ryan mun san halin kowannensu, amma Jamusawa galibinsu inuwa ce mai hular kwano. Ɗayan da aka ba fuska ma, wanda aka yi wa afuwa aka sake shi, ya dawo ya harbi Miller, kamar ana gaya mana jinƙai kuskure ne. Clint Eastwood ya fi shi adalci a 2006, da ya yi finafinai biyu a kan yaƙin tsibirin Iwo Jima, ɗaya ta idon Amurkawa, ɗaya kuma, Letters from Iwo Jima, ta idon Japanawa da harshensu.

Amma wanda ya kai ƙololuwa a wurina shi ne Come and See na Elem Klimov, na 1985. Yaro ne mai suna Flyora ya tono bindiga a cikin yashi a Belarus a 1943, ya bi mayaƙan sunƙuru yana murna. Babu wata bajinta da ya yi. Abin da ya yi kawai shi ne gani: ya ga an tara mutanen ƙauye a cikin ginin katako an cinna masa wuta, sojojin mamaya suna raha. Klimov yakan tsayar da kyamara cak a kan fuskar yaron, ta daɗe, har mai kallo ya rasa inda zai kai idonsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. A ƙarshen fim ɗin fuskar ɗan yaro ta yamutse kamar ta dattijo. Sa'an nan rubutu ya bayyana cewa ƙauyuka 628 aka ƙone a Belarus tare da mazaunansu. Da adadin kaɗai aka ba mu, da mun karanta mun wuce. Fuskar ce ta sa adadin ya yi nauyi.

Akwai kuma waɗanda ba a ma sa su a hoton ba. A 1945 aka janye Objective, Burma! daga silimomin Birtaniya saboda ƙorafin cewa ya mai da yaƙin Burma na Amurkawa zalla. Turawan Ingila sun ji zafin share su daga labari, alhali a wannan fagen akwai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da kakanninmu daga Nijeriya da maƙwabtanta, waɗanda manyan finafinai ba su waiwaye su ba. Wannan giɓi ne Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka tunkara a Camp de Thiaroye na 1988. Sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, wasunsu har da zaman fursuna a hannun Jamus, suka dawo sansanin Thiaroye kusa da Dakar suka nemi haƙƙinsu na kuɗi. Ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. A fim ɗin, wanda ya fara hango tankoki na tahowa shi ne Pays, sojan da azabar sansanin Jamus ta ɗauke wa magana, kuma 'yan uwansa ba su gaskata shi ba. Ban san wata siffa da ta fi wannan bayyana halin wanda ya ga yaƙi ba: yana da labari, ba shi da bakin faɗa.

Mai musu zai iya cewa fim nishaɗi ne, kuma wanda ya biya kuɗin kallo bai zo zaman makoki ba. Ban raina nishaɗi ba, ban kuma ce jarumta ƙarya ce ba. Akwai sojan da ya fanshi abokinsa da ransa, kuma ya cancanci a tuna shi. Amma mu da muka girma daga 2009 zuwa yau, muna jin adadin mamatan arewa maso gabas a rediyo kamar farashin hatsi, ba mu da uzurin ɗaukar mutuwa abin tafi. Ido yana koyon abin da aka saba nuna masa. Yaron da ya saba ganin mutane suna zubewa ba suna ba dangi, da sauƙi zai yarda cewa wasu mutanen yaran bos ne kawai.

Har gobe ina kallon finafinan yaƙi, kuma gabana yana faɗuwa idan igwa ta tashi. Bambancin shi ne yanzu, idan wani ya faɗi a gefen hoton, nakan bi shi da ido in ga ko mai fim ɗin ya damu ya gaya mini sunansa. Idan ya gaya mini, na san ya ɗauki yaƙi da nauyinsa, ya kuma girmama ni a matsayin mai kallo.